Zinariyar Duwatsun Bija: Tarihin Wadi Alaƙi da Labarin Mahaƙar da Aka Ce Ta Ɓace



A zauren da muke riƙe wa dattijon jama'armu alƙalami, nan gabashin Sudan, akwai littafi guda da muka fi jin nauyin buɗe shi. A cikinsa muke rubuta sunayen samarin da suka fita neman zinariya aka daina jin ɗuriyarsu. Uwa takan zo ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, wata takwas ke nan ko wayarsa ba ta shiga." Mu rubuta sunan yaro, da ranar da ya fita, da kasuwar da ya yi kira daga cikinta karon ƙarshe. In muka tambayi abin da ya ɗauke shi daga gona ko daga shago, sau da yawa amsar guda ce: wani ya ba shi labari.

Labarin kuwa duk mun san shi, domin mun sha jin sa da baki daban-daban. Wai can cikin duwatsun da ke tsakanin Kogin Nilu da Bahar Maliya akwai tsohuwar mahaƙa ta mutanen farko, wadda aka toshe bakinta da zinariyarta a ciki. Wani ya ce makiyayi ne ya fake wa guguwa a cikin kogo, ya fito da curi a aljihu, ya yi ta neman hanyar komawa har ya tsufa bai gane ta ba. Wani ya ce tsoho ɗaya ne ya san wurin, ajali ya riske shi kafin ya nuna wa ɗansa. Wani kuma ya ce aljanu ke gadi, sai mai laƙani. In an zo batun azurfa, sai a ce tana hayin teku, cikin duwatsun Yaman.

Ruwa ba ya tsami banza. Lalle an yi mahaƙu a waɗannan duwatsu, manya kuwa, kuma lalle an watse an bar su. Sai dai malaman tarihi sun rubuta yadda aka yi aikin da kuma dalilin da ya sa aka bar shi, kuma wannan sashen ne masu ba da labari suke tsallakewa. Shi muke so mu shimfiɗa a yau.

Ƙishirwar zamanin Fir'auna

Ƙasar da muke magana a kanta ita ce ta mutanen Bija, makiyayan raƙuma da ke zaune daga kudancin Masar har zuwa wajen Kasala: Bishariyawa, Amar'ar, Hadandawa da 'yan'uwansu. Daga duwatsunsu wani busasshen kwari mai suna Wadi Alaƙi ya gangaro, tsawonsa kimanin kilomita 250, ya faɗa Nilu kudu da Aswan. Zinariyar wurin tana cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa baƙaƙen duwatsu, wani abu kuma ruwan sama na dubban shekaru ya wanko shi cikin yashin ƙoramu.

Fir'aunonin Masar sun san da ita, har suka gina ganuwa a Kuban, bakin kwarin, don tsare hanya. A nan aka tono wani allon dutse na zamanin Ramsis na Biyu, wanda ya hau mulki wajen shekara ta 1279 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Abin da allon ya ƙunsa shi ne, zinariya tana da yawa a ƙasar, amma rabin masu wankinta ƙishirwa ke kashe su a hanya tare da jakunansu. Ya ce uban sarkin, Seti na Farko, ya sa an haƙa rijiya zira'i 120 ba a tarar da ruwa ba, aka bar ta. Shi kuma ɗan ya sa aka sake haƙa a wani wuri aka dace da ruwa a zira'i 12. Allon kirari ne na fada, an sassaƙa shi don yabon sarki. Duk da haka bai iya ɓoye cewa shekara fiye da 3,000 da suka wuce babbar matsalar wannan zinariya ita ce ruwan sha ba.

Bayan su, a zamanin da Girkawa ke mulkin Masar, wani marubuci mai suna Agatarkidas ya siffanta yadda ake aikin. Fursunoni ne da kamammun yaƙi, a cikin mari, dare da rana. Ana hura wuta a jikin dutse har ya tsage, ƙarfafa su bi jijiyar da guduma cikin duhu da fitila ɗaure a goshi, ƙananan yara su rarrafa cikin ramuka su kwaso ɓaraguzai, mata da tsofaffi su niƙa a dutsen niƙa har ya koma gari, sa'an nan a wanke garin a kan allon katako mai gangara. Ya ce masu gadin ma baƙi ake sa wa, waɗanda ba su jin harshen ma'aikatan, don kada tausayi ya shiga tsakani. Duwatsun niƙan nan har gobe suna warwatse a kwaruruka, samarinmu suna tuntuɓe da su suna cewa sun ga alamar taska.

Zamanin Musulunci: garin da ya tashi a cikin kwari

A ƙarni na 9 labarin zinariyar ya sake tashi, Larabawa suka yi ta kwararowa daga Masar da Hijaz da Yamama. A shekarar 831, zamanin Halifa Ma'amun, aka ƙulla yarjejeniya da shugaban Bija a kan haraji da amincin Musulmi a ƙasarsu. Ba ta daɗe ba. Wajen 854 Bija suka ƙi biyan haraji, suka far wa masu haƙa, aikin ya tsaya cak, baitulmali ya rasa kasonsa. Halifa Mutawakkil ya tura Muhammadu ɗan Abdullahi Alƙummi da runduna, wadda Imam Ɗabari ya ce ta kai mutum 20,000. Sanin halin ƙasar ya sa aka aika jiragen ruwa bakwai ɗauke da guzuri ta Bahar Maliya, domin dabarar sarkin Bija, Ali Baba, ita ce ya yi ta ja da baya har yunwa ta yi masa yaƙin. Da jirage suka iso dabarar ta warware, dole aka gwabza. Alƙummi ya rataya wa dawakinsa ƙararrawa, raƙuman Bija suka firgita suka watse da mahayansu. Aka tafi da Ali Baba har Samarra, ya biya harajin shekarun da aka riƙe, aka mayar da shi kan jama'arsa.

A cikin waɗanda suka shigo bayan wannan akwai mutum guda da labarinsa ya isa wa'azi: Abu Abdurrahman Al'umari, daga zuriyar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, mai ilimi da fasaha. Ya sayi bayi ya shiga ƙasar ma'adinai, ya tara jama'a, ya yaƙi Nubawa, ya yaƙi Bija, har ya karya rundunar da gwamnan Masar Ahmadu ɗan Ɗulun ya aiko masa. Maƙrizi ya ruwaito cewa a zamaninsa raƙuman da ke jigilar abinci daga Aswan zuwa mahaƙu sun kai 60,000. Mai karatu ya tsaya ya duba wannan adadi. Ko da an yi ƙari a cikinsa, ma'anarsa ita ce kowace lomar da mai haƙa zai ci sai an ɗauko ta a bayan raƙumi tafiyar kwana da kwanaki. Ƙarshen Al'umari kuwa, mutanen da ke tare da shi ne suka kashe shi, aka kai kansa gaban Ɗan Ɗulun.

Yaƙubi, wanda ya rubuta littafinsa na ƙasashe a ƙarshen wannan ƙarni, ya ce Alaƙi ta zama kamar babban birni, da kasuwanni, da Larabawa da waɗanda ba Larabawa ba, galibinsu ƙabilar Rabi'a, kuma bayi baƙaƙe ne ke yi musu haƙan. Mas'udi ya ce a shekarar 943 shugaban mahaƙun ɗan Rabi'a ne, yana hawa da mutum 3,000 na danginsa da 30,000 na Bija a kan raƙuma, domin a lokacin an yi auratayya an zama dangi. Daga wannan zuriya Banu Kanz suka fito, waɗanda suka daɗe suna riƙe da Aswan.

Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya kawo wani abu da ya yi kama da hirar zaurenmu. Ya ce a dararen farkon wata da na ƙarshensa, lokacin da babu farin wata, mutane kan fita cikin yashi suna duba inda ke ƙyalli, kowa ya sa alama ya kwana a wurin, da safe ya ɗebi yashin ya kai bakin rijiya ya wanke, ya haɗa da zaiba ya narkar. Zaibar da 'ya'yanmu ke murzawa da tafin hannu a yau, tun wancan zamani take cikin sana'ar.

To, yaya aka yi ta "ɓace"? A hankali aka yi. Zinariyar da ke kusa da sama ta ƙare, wadda ta rage ta yi zurfin da guduma da fitila ba su isa gare ta da riba ba. Bayi suna da tsada, ruwa da hatsi suna da nisa, tsaro kuma sai an saye shi. A lokaci guda zinariyar Yamma, ta Gana da Mali, tana ƙetare Sahara tana cika kasuwannin Masar. Kowa ya san abin da hajjin Mansa Musa na 1324 ya yi wa farashinta a Alƙahira. Tashar Aizab, inda alhazai ke hawa jirgi zuwa Jidda, ita ma ta ja baya. Zuwa ƙarni na 14 ƙabilun Larabawa sun gangara kudu neman kiwo, yashi ya cike ramuka. Babu wanda ya toshe taska ya tafi da mabuɗi. An bar wurin ne a ranar da abin da ake kashewa ya fi abin da ake samu.

Azurfar hayin teku

Tun da masu labari sun ce azurfa tana Yaman, bari mu ƙetara mu duba, domin a can ma akwai gaskiya a ƙarƙashin zancen. Malamin Yaman Alhamdani, na ƙarni na 10, ya rubuta littafi sukutum a kan zinariya da azurfa, ya ambaci wata mahaƙar azurfa mai suna Radrad a duwatsun Nihim, arewa maso gabas da San'a. Ya ce akwai murahun narkarwa wajen 400 a garin, ma'aikatan da yawa Farisawa ne, fatake na zuwa daga nesa. A shekarar 270 ta Hijira, wato 883, aka kashe sarki Muhammadu ɗan Yu'ufir, ƙasa ta rikice, ƙabilun da ke kewaye suka afka wa garin suka kashe suka wawashe, waɗanda suka tsira suka gudu. Shekara kusan 1,100 wurin yana cikin littafi kawai. A 1980 masana duwatsu na Faransa da na Yaman suka gano shi a wani wuri da ake kira Jabali, da ramukansa da tulin kashin narka. Abin da ya fi yawa a dutsen a yau shi ne tutiya da dalma, azurfar gauraye take a ciki, fitar da ita sai injuna da jari mai nauyi. Wannan ita ce mahaƙar da ta ɓace da gaske aka kuma same ta da gaske, kuma rashin zaman lafiya ne ya kashe ta.

Basha ya zo da kansa

Mu dawo gida. Babu wanda labarin tsohuwar zinariya ya ruɗa kamar Muhammadu Ali Basha na Masar, kuma babu wanda ruɗinsa ya fi jawo wa ƙasar nan hasara. A 1820 ya turo ɗansa Isma'ila da runduna, manyan buƙatunsa biyu: bayi don aikin soja, da zinariya. A 1821 Sinnar ta miƙa wuya. Isma'ila ya zarce kudu ta gaɓar Nilu Shuɗi, kogin da 'yan'uwanmu na Mai Wurno suka zauna a bakinsa daga baya, har duwatsun Fazugli da iyakar Bani Shangul, tare da wani Bafaranshe masanin ma'adinai mai suna Kayo. Suka wanke yashi suka wanke, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Mutanen wurin sun saba tara ɗan garin zinariya da damina kaɗan-kaɗan, shi ne fatake suka kambama har ya zama dutsen zinariya a kunnen Alƙahira. A kan hanyar komawa, a 1822, Isma'ila ya ɗora wa Mak Nimir na Shandi haraji mai nauyi ya kuma wulaƙanta shi, aka kewaye masaukinsa da kara aka banka wuta. Ramuwar da ta biyo baya ta ci rayuka masu ɗimbin yawa a gaɓar Nilu.

Basha bai daddara ba. Ya yi ta aiko masana daga Turai, wani ya ce akwai, wani ya ce babu. A ƙarshen 1838, yana dab da shekara 70, ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, ya taso daga Masar har Fazugli. Ya ga abin da ɗansa ya gani, ya koma a 1839. Mutum ne mai runduna da jirage da baitulmali, amma dutse bai ba shi abin da babu a cikinsa ba.

A wannan zamanin ne kuma wani injiniyansa, Linan Bafaranshe, ya ratsa ƙasar Bishariyawa a farkon shekarun 1830 yana bin sawun tsofaffin mahaƙu, ya isa wani kufai mai suna Darahib a saman Wadi Alaƙi, mai ganuwoyi biyu na dutse da layukan gidaje. A 1989 wasu 'yan'uwa biyu Italiyawa, 'yan gidan Kastiliyoni, suka isa wurin, duniya ta ɗauka an gano ɓataccen birnin zinariya na zamanin Girkawa. Masu bincike da yawa a yau suna ganin shi ne garin Alaƙi da Yaƙubi ya siffanta. Abin lura a nan shi ne, duk tsawon ƙarnonin da ake cewa garin ya ɓace, Bishariyawa suna kiwon raƙumansu a gindin ganuwarsa, suna kiran sa da sunansa.

Zamaninmu

Turawan Ingila sun sake buɗe wasu tsofaffin ramuka a farkon ƙarni na 20, irin su Jabet, suka ɗan ci suka rufe. A farkon shekarun 1990 aka fara aikin zamani a Hassai, cikin duwatsun Aryab, da manyan injuna. Amma abin da ya taɓa kowane gida shi ne zuwan na'urar nan da muke kira jihaz, mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, daidai lokacin da zinariya ta yi tsada a duniya, kuma Kudu ta ɓalle a 2011 da mafi yawan man fetur. Daga nan kowa ya zama dahabi. Ba mu musun cewa an samu. Mun ga wanda ya gina gida, mun ga wanda ya kai iyayensa Makka. Sai dai ga sauran lissafin.

A Jabal Amir na Darfur an gano zinariya a 2012, a farkon 2013 aka yi yaƙi a kanta, ɗaruruwa suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu, kuma kowa ya san inda kuɗin wannan dutse ya zuba daga baya da abin da aka saya da shi. A 2020 wasu suka shiga Jabal Maraga da motocin haƙa, kufai ne na zamanin Marawi mai shekara kusan 2,000, suka yage rami mai zurfin mita 17 suka shafe tarihin wurin, alhali abin da ke sa jihaz kuka wani dutse ne mai ƙarfe a ciki, ba zinariya ba. A Disamba 2021 wani rami da hukuma ta riga ta rufe a Kurdufan ta Yamma ya rufta da mutane, 38 suka rasu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan a Jado tun 2014, na Cadi sun gani a Kuri Bugudi cikin duwatsun Tibasti, inda faɗan Mayu 2022 ya ci mutum kusan 100. Ga kuma zaiba, wadda ake ƙonawa a buɗaɗɗen wuri ana shaƙar hayaƙinta, tana shiga jijiya da ƙoda a hankali, mutum ya dawo gida hannunsa na rawa bai san dalili ba.

Malamanmu na Malikiyya tun tuni sun raba abu biyu da masu labari ke cakuɗawa. Akwai rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka binne, wadda mai tsintuwa zai fitar da humusinta. Akwai kuma ma'adini, wanda Allah Ya halitta a cikin ƙasa, sai da wahala da kashe kuɗi ake fitar da shi, zakka ce a kansa in ya kai nisabi, kuma al'amarinsa yana hannun shugaba. Labarin mahaƙar da ta ɓace yana sa wa ma'adini rigar rikazi, ya nuna wa yaro cewa dukiya tana nan a tare sai ɗauka. Tarihin Alaƙi kuwa daga Ramsis har Al'umari ya nuna ba a taɓa fitar da ita ba sai da rijiya, da ayarin abinci, da runduna, da wuyan bayi. Mu da kakanninmu suka ratso wannan ƙasa da ƙafa don neman ɗakin Allah, ya kamata mu tambayi kanmu a wane gurbi 'ya'yanmu suke cikin wannan jeri in sun tafi.

Ba mu hana kowa neman halalinsa. Abin da dattijonmu ke faɗa wa duk wanda ya zo sallama shi ne: kada ka sayar da gona ko ka ci bashi don sayen jihaz a kan labarin da mai ba da shi bai je da kansa ba. Kada ka shiga tsohon rami, domin waɗanda suka bar shi sun fi ka sanin dalili. Ka san wanda zai kawo ruwa da ranar da zai kawo kafin ka sauka daga mota. Ka nisanci hayaƙin zaiba. Ka bar kufai da kaburburan mutanen farko yadda ka same su. Ka bar mana sunan wurin da za ka da sunan wanda ya ɗauke ka, ka kuma yanka wa kanka ranar dawowa, ka samu ko ba ka samu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Muna roƙon 'yan'uwa na Agadas, da Abeshe, da Garwa, da Kumasi, duk wanda ya san irin wannan labari a duwatsun ƙasarsu, ya rubuto mana shi tare da abin da dattawan wurin suka sani game da dalilin barin ramin. Wanda kuma yake aiki a kasuwannin zinariya na arewa, in ya haɗu da yaro mai jin Hausa da ya daɗe bai kira gida ba, ya ara masa waya don Allah. Akwai sunaye a littafinmu da muke fatan mu soke su da hannunmu.

Allah Ya dawo mana da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda ƙasa ta rufe, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalamu alaikum.